Bin sawun Gershom Scholem daga Ƙudus zuwa Safad

Asalin tafiyar dai ta Kawu ce, ya daɗe yana cewa in Allah ya ba shi iko sai ya yi salla a Masallacin Ƙudus kafin ƙafa ta gaza, da lokacin ya zo sai dangi suka ce ni zan raka shi tunda ni ne mai ɗan taɓa Larabci da Turanci. Na amsa da sauri saboda ni ma ina da tawa a ciki. Tun ina jami'a, lokacin da nake bibiyar rubuce-rubucen Henry Corbin, Bafaranshen nan da ya ƙarar da rayuwarsa kan Suhrawardi da Ibn Arabi, nake ta cin karo da sunan wani Bayahude abokin zamansa a taron masana na Eranos da ake yi a Ascona ta ƙasar Suwizalan, wai shi Gershom Scholem (Sholem ake furtawa), mutumin da ya mai da sufancin Yahudawa, wato Kabala, fannin ilimi mai zaman kansa a jami'a. Na karanta shi gwargwado, kuma na ƙudurta duk ranar da na taka birnin nan sai na je na ga inda ya zauna ya yi wannan aiki. Wannan tafiya kafin yaƙin da ya ɓarke a Oktoban 2023 ne muka yi ta.

Ta Amman muka bi, muka tsallaka gadar Sarki Husaini, an sha jira an sha tambayoyi, Kawu dai yana ta jan carbinsa har aka sake mu. Maganar Al-Aƙsa kuwa wani labarin ne na daban, abin da zan ce kawai shi ne ranar da muka fara shiga harabar Kawu kuka ya yi kamar ƙaramin yaro, ni ma ban tsira ba. A bakin Bab al-Majlis muka haɗu da 'yan unguwar baƙaƙen fata, jikokin mutanen da suka taso daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal, da yawansu bayan aikin hajji suka ƙaraso nan suka zauna, wani dattijo cikinsu da ya ji muna magana ya ce mana "sannu" da bakinsa, Kawu ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

Da muka huta na ce masa Kawu gobe zan je laburaren Yahudawa, ya dube ni ya ce me ka ajiye a can, na yi masa bayani sama-sama, ya ce to ai ba za ka bar ni a otal ina kallon bango ba, tare za mu. Laburaren ƙasa na Isra'ila a lokacin yana cikin harabar Jami'ar Ibrananci ta Givat Ram, yanzu kam ya koma sabon gini kusa da majalisar dokokinsu. Kana hawa bene abin da zai fara tare maka ido wata katafariyar taga ce ta gilashi mai launi, aikin wani mai zane Mordecai Ardon, ta cinye bango guda. Ɓangaren hagu hanyoyi ne da aka rubuce da ayar Annabi Ishaya cikin harsuna daban-daban har da Larabci, tsakiya kuma ga wasu ƙawanya-ƙawanya an haɗa su da layuka, wannan ita ce bishiyar sefirot, siffofi goma da masu Kabala suke cewa ta cikinsu ne Ubangijin da ba a iya riskar zatinsa yake bayyana ga halitta. Na tsaya ina kallon ta na ce a raina shekara ɗari da suka wuce da wuya wani ɗan boko Bayahude ya yarda a manna wannan zane a fuskar laburaren ƙasa, kunya ma za ta hana shi. Mutumin da na zo nema shi ya sauya wannan.

Ɗakin karatun da aka sa wa sunansa ba wani ƙaton waje ba ne, amma littattafansa na kansa ne jere a kanta, kimanin 25,000, duk a kan Kabala da Hasidanci, wato wata ɗariƙar Yahudawan gabashin Turai, da ƙungiyoyin masu jiran Almasihu, tun yana saurayi a Barlin ya fara tara su da kuɗin aljihunsa. Ma'aikaciyar wurin ta yi mana kirki, da na ce ina son ganin rubutun hannunsa sai ta nuna mana kwafinsa na Zohar, babban littafin Kabala, da aka ɗauki hotonsa aka buga. Wallahi sai ka gani. An saka fararen takardu tsakanin shafukan littafin, shi kuma ya bi su ya cike da ƙananan rubutu, gefen shafi ma bai bari ba, nan ya ja layi ƙarƙashin kalma ɗaya ya rubuta inda ta sake fitowa a wani littafin, can ya soke abin da ya rubuta da ya sa sabo, tawadar ma kala-kala ce, kana gani ka san ba zama ɗaya ba ne, shekaru ne mutum ya yi yana dawowa kan shafi guda. Ni ba na karanta Ibrananci sai 'yan haruffa, amma ba sai ka iya harshe ba kafin ka gane wahalar da aka sha. Kawu ya sa tabarau ya duƙa ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya ce wannan ko waye shi ya yi karatu.

An haife shi ranar 5 ga Disamba 1897 a Barlin, sunan yankansa Gerhard. Babansa Arthur mai ɗab'i ne, irin Yahudawan Jamus ɗin nan da suka saje da Jamusawa har addinin ya zama sai suna, ana kunna sigari ranar Asabar ana bikin Kirsimeti a gida. Yara maza huɗu ne kuma kowa ya kama gabansa, ɗaya ɗan kishin Jamus, ɗaya mai sassaucin ra'ayi, Werner ya zama ɗan kwaminis har ya shiga majalisar dokoki, shi kuma auta ya ce shi Ibrananci zai koya, ya dinga bin malamai yana karatun Talmud, kundin shari'a da bayanan malaman Yahudawa, ba da son uban ba. Lokacin yaƙin duniya na farko shi da Werner suka ƙi goyon bayan yaƙin, a 1917 uban ya aiko masa da wasiƙa ta gidan waya, alhali gida ɗaya suke kwana, cewa ya tattara ya bar masa gida. Ya koma wani gidan haya da Yahudawan gabashin Turai suke zama, a can ya san Zalman Shazar wanda daga baya ya zama shugaban Isra'ila na uku. Lissafi da falsafa ya fara karantawa a jami'a, kuma ya iya lissafin sosai, sai daga baya ya juya, ya yi digirin digirgir a Munich a 1922 kan Bahir, ɗan ƙaramin littafi mai wuyar sha'ani da ya ɓullo a kudancin Faransa a ƙarshen ƙarni na 12, wanda ake ɗauka shi ne littafin Kabala na farko. A 1923 ya yi ƙaura zuwa Falasɗinu, lokacin tana hannun Ingila, ya fara aiki a wannan laburaren, da aka buɗe jami'a a 1925 aka ba shi koyarwa, ya zama farfesa a 1933.

Abin da ya fi jan hankalina gare shi shi ne halin da ya tarar da fannin. Manyan masana tarihin Yahudawa na ƙarni na 19 a Jamus so suke su nuna wa Turawa cewa addininsu na hankali ne tsantsa, tsaf-tsaf, babu camfi babu asiri, don a karɓe su a matsayin 'yan ƙasa. Saboda haka duk abin da ya shafi sufanci sai su rufe shi ko su zage shi, Heinrich Graetz, babbansu, littafin ƙarya yake kiran Zohar. Sholem ya ba da labarin yadda ya ziyarci wani tsohon malami a Barlin wanda aka ce shi ne masanin Kabala na zamanin, ya ga littattafai da rubuce-rubucen hannu cike da gida, cikin zumuɗin ƙuruciya ya yaba masa cewa ya karanta duk wannan, tsohon ya ce masa wai har karanta wannan shirmen ma sai ya yi? To shi ya ce zai karanta. Ya bi laburaren Munich da Oxford da Faris da Rum da Landan da New York yana buɗe takardun da aka yi ɗaruruwan shekaru ba wanda ya buɗe, yana tantance wa ya rubuta, yaushe, a ina, wa ya kwafa daga wa. Aiki ne na gajiya da ba a yi wa tafi, amma a kansa komai ya tsaya.

Dubi maganar Zohar kanta. Masu riƙo da ita sun yi imani cewa Rabbi Shimon bar Yohai ne ya faɗe ta a ƙarni na 2 a ƙasar Galili. Graetz ya ce ƙarya ne, wani Musa de Leon ne ɗan Sifaniya ya ƙirƙira don neman kuɗi. Sholem a laccarsa ta farko a jami'a ya tashi ne don ya kare tsufan littafin, yana ganin an zalunci Zohar. Sai ya shiga bin ta kalma-kalma, ya ga Aramiyancin da aka rubuta ta da shi, wato tsohon harshe ɗan uwan Ibrananci, ba na masu magana da harshen ba ne, na wanda ya koya daga littafi ne, ga Ibranancin tsakiyar zamani yana leƙowa ta ƙarƙashi, ga alamun Sifaniyanci, ga kuma garuruwan Falasɗinu an jera su yadda wanda ya taɓa taka ƙasar ba zai jera ba. Bayan shekaru ya fito ya ce hujja ta rinjaye shi, Musa de Leon ne ya rubuta mafi yawanta a yankin Kastil na Sifaniya wajen shekarun 1280. Amma inda ya rabu da Graetz shi ne bai ga wannan ya rage mata daraja ko kaɗan ba, a wurinsa mutumin da ya iya rubuta irin wannan littafi gwani ne na gaske. Wannan bayani yana cikin littafinsa da ya fi shahara, Major Trends in Jewish Mysticism, wanda ya fito a 1941 daga laccocin da ya yi a New York a 1938, har yau da shi ɗalibai suke fara shiga fannin.

A wajen shan shayi na laburaren nake yi wa Kawu bayanin gematriya, yadda kowane harafin Ibrananci yake da adadi, alef ɗaya, bet biyu, gimel uku, dalet huɗu, sai ya katse ni ya ce kai ɗana ai wannan abajada ce, hisabi kenan. Ya ciro biro ya rubuta sunan Allah a bayan rasit ya fitar da 66 nan take. Na nuna masa nasu misalin da aka fi sani, kalmar "ɗaya" tana ba da 13, kalmar "ƙauna" ita ma 13, in ka haɗa 26, adadin sunan Ubangiji mai harafi huɗu da ba sa furtawa. Ya yi shiru ya ce ikon Allah. Kuma ba mamaki, mutanen nan ƙarnuka suka yi suna zaune cikin Musulmi a Bagadaza da Andalus da Masar da Fas, da Larabci manyan malamansu suke rubutu, ɗan babban malaminsu Musa bin Maimun ma, Ibrahim, a Alƙahira ya fito fili yana yabon sufayen Musulmi yana cewa sun riƙe wasu ɗabi'un annabawa da mutanensa suka saki. Gaskiya a nan ne nake ganin Sholem bai ba wa wannan ɓangare haƙƙinsa sosai ba, hankalinsa ya fi tafiya wajen neman tushen Kabala a cikin tsoffin aƙidun Gnostik, wato masu da'awar ilimin ɓoye na farkon zamanin Kiristanci, na bayansa ne suka fi zurfafa kan alaƙar da Musulunci.

Da yamma ni kaɗai na taka zuwa Rehabiya, unguwar da ya zauna, titin Abarbanel lamba 28. Unguwa ce shiru mai itatuwa da gidajen farin dutse, a da farfesoshi da likitoci 'yan gudun hijira daga Jamus ne suka cika ta, yawancin titunan sunayen malaman Yahudawan Andalus ne. Babu wani abin kallo a gidan, gini ne kamar sauran, amma a nan labaran 1940 suka same shi. A watan Yuli 'yan Nazi suka kashe yayansa Werner a sansanin Buchenwald. A watan Satumba amininsa Walter Benjamin, marubuci Bayahuden Jamus, wanda suka san juna tun 1915, wanda ya yi shekaru yana roƙonsa ya taho Ƙudus yana ta jan ƙafa, ya kashe kansa a Portbou kan iyakar Faransa da Sifaniya da ya ga za a mai da shi hannun waɗanda yake gudu. Shi ya sadaukar wa littafin 1941, kuma ya yi sauran rayuwarsa yana tattara takardun abokin nan yana bugawa, da shi da masanin falsafa Adorno, da ba don su ba da wuya duniya ta san Benjamin yadda ta san shi yau. A 1946 jami'a ta tura shi Turai ya nemo littattafan Yahudawa da 'yan Nazi suka wawashe, ya je rumbun Offenbach a Jamus ya ga tsibi-tsibin littattafai da masu su sun zama toka, ya dawo a karye, an ce ya daɗe bai iya komawa aiki yadda ya saba ba.

Akwai abin da ba zan tsallake ba don na ji shi a ƙirjina ina tafe a titin nan. Sholem ɗan Sahayoniyya ne, bai taɓa ɓoyewa ba. Amma yana cikin 'yar ƙaramar ƙungiyar Brit Shalom da aka kafa a 1925, masu cewa ƙasar nan ta al'umma biyu ce, a yi ƙasa ɗaya da Larabawa da Yahudawa za su yi daidai, 'yan uwansu suka dinga kiransu maciya amana, ƙungiyar ba ta yi nisa ba ta mutu. Kana fita daga Rehabiya kaɗan sai ga Talbiya, manyan gidajen Falasɗinawa da suka fita a 1948 ba a bar su sun dawo ba. Kuma wannan laburaren da ya je Turai kwaso wa littattafan da aka sace, shekara biyu kacal bayan haka ma'aikatansa suka bi gidajen Falasɗinawa na yammacin Ƙudus suna kwashe dubban littattafai, har yau wasunsu suna nan da lambar AP a jiki, wai dukiyar da aka bari. Duka biyun gaskiya ne, a gini ɗaya suke, kuma wanda ya je ya ga ɗaya ya kau da kai daga ɗayan bai yi adalci ba.

Safad kuwa, garin manyan malaman Kabala na ƙarni na 16, sai da muka yi tafiyar awa uku da wani abu a bas zuwa arewa, hanya tana ta hawa har kunne ya toshe, garin yana kan dutse wajen mita 900, iska mai sanyi ko da rana. Tsohon garin lunguna ne ƙanana da matakala, ƙofofi da tagogi an shafa musu shuɗi, shaguna cike da zane-zanen haruffa da layu da jan zare na 'yan yawon buɗe ido. Kawu gwiwa ta hana shi sauka maƙabarta, na bar shi a inuwa kusa da wani gini mai hasumiya, da muka duba ashe masallacin kasuwa ne na da, yanzu an mai da shi wajen baje zane. Kafin 1948 mafi yawan mutanen garin Larabawa ne, Mahmud Abbas ma a nan aka haife shi. Kawu bai ce komai ba, ya dai zauna yana fuskantar ginin.

Ni na gangara. Maƙabartar tana jikin gangaren dutse, an yi mata matakalar ƙarfe, kaburburan manya an shafe su da shuɗin fenti mai haske. A kan na Ishaƙ Luriya, wanda suke kira Ari, mutane ne tsaye suna karatu suna rangaji, an tara ƙananan duwatsu a kai, ga narkakken kyandir ya daskare a gefe baƙi ƙirin da hayaƙi, wani saurayi ya kifa goshinsa a kan dutsen yana kuka a hankali, daga ƙasa kuma kana jin ihun masu shiga ruwan sanyin wani marmaro da suke wankan tsarki a ciki. Kusa da shi ga Musa Kordobero, ga Yusuf Karo mai babban littafin fiƙihunsu. Duk a ƙarni na 16 suka taru a wannan ɗan garin ƙarƙashin Turkawa, yawancinsu 'ya'ya da jikokin waɗanda aka kora daga Sifaniya a 1492, shekarar da Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi.

Luriya bai fi shekara biyu a Safad ba annoba ta ɗauke shi a 1572 yana da shekara 38, bai rubuta wani abin kirki da hannunsa ba, almajirinsa Hayim Bital ne ya rubuta. Koyarwarsa kuwa ga ta a taƙaice yadda Sholem ya warware ta. Kafin halitta babu inda babu Ubangiji, to sai ya janye kansa cikin kansa don a samu gurbin da wani abu zai wanzu. Sai ya kwararo haske cikin wasu tasoshi, tasoshin suka kasa ɗauka suka farfashe, tartsatsin hasken ya warwatse ya maƙale cikin duhun duniya. Aikin ɗan Adam shi ne ya tattaro tartsatsin nan ta hanyar ibada da niyya, wannan gyaran suke kira tikkun, in ya kammala sai Almasihu ya zo. A matsayina na Musulmi akwai abubuwa da yawa a nan da tauhidina bai yarda da su ba, amma na fahimci abin da Sholem ya gani. Ya ce wannan amsa ce ta mutanen da aka kora daga gida, sun ɗauki gudun hijirarsu sun kai shi har cikin asalin halitta, wato ba su kaɗai ne a warwatse ba, komai a warwatse yake, kuma warwatsuwar tasu aiki ce aka tura su.

Daga nan ne ya ɗauko zaren da ya kai shi ga aikinsa mafi girma, labarin Shabtai Zebi. Mutumin Izmir ne, an haife shi a 1626, mai yanayi biyu, wani lokaci ya yi sama yana aikata abubuwan da shari'arsu ta hana, wani lokaci ya faɗa baƙin ciki ya kulle kansa. A 1665 ya je Gaza neman magani wajen wani matashin malami Natan, maimakon magani sai Natan ya ce masa ai kai ne Almasihun. Cikin 'yan watanni labari ya game duniyar Yahudawa daga Yaman zuwa Maroko zuwa Amsterdam da Poland, mutane suna sayar da gidaje suna shirin tafiya, manyan malamai suna sa hannu. Turkawa suka kama shi, a Satumban 1666 aka kai shi fadar Sarki Mehmed na huɗu a Edirne aka ba shi zaɓi, sai ya musulunta ya ɗaura rawani aka sa masa suna Aziz Mehmed Efendi. Yawancin mutane suka watse cikin kunya, aka dinga yage shafukan rajistar majami'u don a goge abin. Amma wasu suka ƙi saki, Natan ya ce musu dole ne Almasihu ya shiga cikin duhun da kansa don ya ciro tartsatsin da ya rage. Wasu iyalai suka bi shi suka musulunta a fili suna nasu addinin a ɓoye, su ne Donme na Salonika da suka wanzu har ƙarni na 20.

Masana kafin shi hauka suke kiran wannan, na jahilai, a wuce wurin da sauri. Sholem ya ce a'a, daga tsakiyar addinin abin ya fito, malamai ne suka ɗauke shi, koyarwar Luriya ce ta share masa hanya, ya kawo wasiƙu da takardun shaida ya baje. Littafin ya fito da Ibrananci a 1957, fassarar Turanci a 1973 ta kusa shafi dubu. Mutane da yawa ba su ji daɗi ba, don tonon asiri ne na cikin gida. Kuma bai bar darasin a ƙarni na 17 ba, bayan yaƙin 1967 da 'yan kama-wuri-zauna masu zafin addini suka fara mamaye Yammacin Kogin Jodan suna cewa zamanin fansa ya zo, ya fito ya kwatanta su da mabiya Shabtai, ya ce duk ranar da aka cusa jiran Almasihu cikin siyasa bala'i ne ke biyo baya. Wannan gargaɗi nasa ina ganin ya fi duk wata lambar yabo da aka ba shi nauyi, ko da yake an ba shi da yawa, kyautar Isra'ila a 1958, shugabancin kwalejin kimiyya ta ƙasar daga 1968 zuwa 1974. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu 1982 a Ƙudus.

Tasirinsa ya wuce jami'a, marubuta irin su Borges da Umberto Eco da Harold Bloom duk ta hannunsa suka san Kabala, har kwamfutar da aka ƙera a cibiyar kimiyya ta Weizmann a Isra'ila shi ya ba da shawara aka sa mata suna Golem, mutum-mutumin yumɓun nan na tatsuniyoyinsu. Amma ba a bar shi haka ba. A 1988 wani masanin Kabala na bayansa, Moshe Idel, ya fitar da littafi yana ƙalubalantar manyan ginshiƙansa, ya ce alaƙar korar 1492 da koyarwar Luriya ba ta da hujja mai ƙarfi, ya ce koyarwar ba ta yaɗu cikin jama'a yadda Sholem ya zata ba kafin Shabtai, ya ce kuma ya mai da hankali kan aƙida da alamomi ya rage wa zikiri da halwa da abin da sufi yake ji a jikinsa. Wani masanin, Yehuda Liebes, shi ma ya ce Zohar aikin jama'a ce ta malamai ba mutum ɗaya ba. An yi rigima sosai har a jaridu. Ni dai da na ga saurayin nan da goshinsa a kan kabari na ji Idel yana da gaskiya a wannan gaɓar ta ƙarshe, akwai abin da takarda ba ta kamawa.

A bas muna dawowa na ba Kawu labarin cewa Sholem yana sabon zuwa Ƙudus ya samu wani tsohon malamin Kabala na gargajiya ya nemi ya koyar da shi, malamin ya yarda bisa sharaɗi ɗaya, kada ya yi tambaya, ya je ya yi tunani ya dawo ya ce ba zai iya ba. Kawu ya buga cinya ya ce ka ji inda ya yi asara, wanda bai ɗanɗana ba bai sani ba, ilimin nan a gaban shehi ake samunsa da ladabi, duk littattafan nan dubu ashirin da biyar bakin ƙofa kawai suka kai shi. Na ce Kawu haka ne, shi ma bai taɓa cewa shi sufi ne ba, ya ce dai ya yi imani da Allah amma shi masanin tarihi ne. Sai dai da ya karɓi sharaɗin nan da ba wanda zai gaya mana wa ya rubuta Zohar, da wasiƙun Natan na Gaza suna nan a rufe, kuma Idel ɗin da ya zo yana gyara masa, a ɗakin littattafansa ya zauna ya samo hujjojin. Kawu ya ce to wannan kuma aikin wani ne daban, ba shi ake nema ba in an shiga hanya. Muka yi ta ja har muka wuce Tabariya, bai sauka daga kan nasa ba, ni ma ban sauka ba, daga ƙarshe ya ce in tuna masa gobe kafin Juma'a yana son komawa wajen dattijon nan na Bab al-Majlis ya tambaye shi ko kakansa daga wane gari ya taso.